Ƙullin da Na Bari a Gindin Tsamiya

A shekarun da Turawa suka fara maganar miƙa mulki, ni malamin elemantare ne a Kankiya, saurayi mai farin wando da alƙalami a aljihu, mai ganin duk ƙasar Katsina ba wanda ya kai shi Turanci. Gidanmu yana Kusada. Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, kuma kun san al'adarmu ta kunyar ɗan fari: ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta zama inda nake zaune, in ta zuba mini tuwo sai ta ce a kai wa wannan yaron. Goggona, ƙanwar babana, ita ta raine ni, ita ce kuma bakinmu, ni da Inna. Tun ina ƙarami abin yake cin raina, ban dai taɓa faɗa wa kowa ba.

Sai hukumar En'e ta sa ni cikin waɗanda za a tura ƙaro ilimi a wata babbar jami'a a Ingila. Jami'ar ta aiko da ɗan littafi mai hotuna, na abin da ta tanadar wa ɗaliban ƙasashen waje: ɗaki da gado da bargo, abinci safe da rana da dare, likita, ɗakin karatu da ya fi kasuwar Kankiya faɗi. Amma abin da ya fi shiga raina shi ne, an ce kowane baƙo za a haɗa shi da wani gida, inda matar gidan za ta riƙe shi kamar ɗanta. Na je Kusada na baje littafin a tsakar gida ina fassara wa ƙannena da ƙarfi. Da na zo wurin maganar matar gidan, na ɗaga murya na ce to, a can za a ba ni uwar da za ta kira sunana. Inna tana bayan zana tana kaɗi. Na ji mazarin ya tsaya, can kuma ya ci gaba. Wallahi da gangan na faɗa, don ta ji.

Ranar tafiya ba ta fito ba. Goggo ce ta raka ni Kankiya, ɗauke da wani babban ƙulli a tsohon zane, ta miƙo mini ta ce in ji Inna. Tun daga nesa ake jin warin daddawa. Kunya ta kama ni a gaban abokan aikina da suka zo rakiya. Na ce a raina, jami'ar da za ta ba ni komai, me zan yi da kayan ƙauye? Da Goggo ta juya gaisawa da wata, na zagaya bayan tsamiyar da ake jiran mota, na ajiye shi, ko kwancewa ban yi ba. Na hau motar Kano ina jin na yi wayo.

Jami'ar ba ta yi ƙarya ba, duk abin da ta faɗa na same shi. Matar gidan da aka haɗa ni da ita mutuniyar kirki ce, ta kira sunana har na gaji da jinsa. Amma sanyin ƙasar ya shiga ƙashina, bargonsu bai hana ni rawar ɗari ba, dafaffen dankalinsu kuma ya ƙi wuce mini maƙogwaro. Na kwanta asibiti da ciwon ƙirji. A kan gadon nan ba matar gidan nake tunawa ba, ƙarar mazarin Inna nake ji. Na ƙudura in na koma zan durƙusa a ƙofar ɗakinta, ko ba za ta amsa ba. A shekarata ta biyu aka aiko mini cewa Inna ta rasu, har an yi arba'in.

Da na dawo, Goggo ta kai ni ɗakin Inna, ta jawo ƙullin nan daga ƙarƙashin gado. Ta ce ashe ranar Inna ta biyo mu a ƙafa tun daga Kusada, ta laɓe cikin mata masu fura don ta ga hawana mota, tun da ba za ta iya yi mini sallama a idon mutane ba. A kan idonta na ajiye shi. Da motar ta tashi, ta ɗauka ta ɗora a ka ta koma gida, ta kuma hana Goggo gaya mini, wai kada hankalina ya tashi a wurin karatu. Na kwance. Kuka da daddawa da yaji duk sun lalace. A ƙasansu akwai gwado mai kauri. Zarensa take kaɗawa ranar da na yi maganar nan, don ta ji an ce ƙasar akwai sanyi.

Yau na tsufa, jikokina suna nuna mini hotunan jami'o'in waje da abin da suke alkawartawa. Ba na hana kowa tafiya, ilimi abin nema ne. Sai dai ina roƙonku, 'ya'yana, kada abin da baƙi suka rubuta muku ya sa ku raina shirun mutanen gida. Wasu iyayen ba su iya faɗa ba, yi kawai suke yi. In an miƙo muku ƙulli, ku karɓa da hannu biyu, ku kwance a gaban mai shi. Gwadon nan da shi nake lulluɓa har yanzu, amma ban sami wadda zan ce wa na gode ba.