Jan da Goggo Dondu Ta Tono

Goggo Dondu ƙanwar mahaifina ce, kuma tun tana shekara bakwai take zaune gaban masaƙar darduma a ƙauyenmu na kan dutse, can sama da garin Ayvajik. Hannunta ya fi ido sauri. Ta zagaye zare biyu da ulu, ta ja, ta datse. Kafin shayinka ya huce ta ci rabin layi. Abu ɗaya ne ya hana ta sakat, wato jan rinin gwangwani da ake sayowa a kasuwa. Wanki biyu, sai ya zuba cikin fari. Kullum tana cewa jan mahaifiyarta ba haka yake ba, mata kuma su ce rigimar tsufa ce.

Shekarar da za a sake daɓen masallaci, aka kira mata su kwashe dardumomin da iyalai ke bayarwa sadaka in an yi rasuwa. Hawa biyar suka ɗaga, wata kan wata. A na ƙarshe Goggo ta durƙusa, ta kaɗe ƙura, sai ga ja kamar 'ya'yan rumman, da zanen ƙahon rago a gefe. Saƙar kakarta ce.

"Satiye, zo ki ga rigimar tsufa," ta ce wa maƙwabciyarta.

Satiye ta tofa yawu a gyalenta ta goga, ko ɗigo bai fita ba.

Liman ya ba Goggo aron dardumar. Ta kife ta, ta ƙirga ƙulli ɗaya-ɗaya ta baya. Ta kuma tuna wata ciyawa da uwarta ke tono saiwarta don rini a bakin gonar alkama, sai ta ɗauki fartanya. Tukunyar farko ta fito kamar ruwan tubali, ta biyu ma haka, mijinta Durmush yana tsokanarta wai miya take dafa wa tumaki. A ta shida ta rage wuta, ta bar ulun ya jiƙa kwana uku. Da ta tsamo shi jawur irin na kakarta, a guje ta fito ba takalmi, ruwan yana bin gwiwar hannunta, ta bi gida-gida tana nunawa.

Wata bakwai ta yi tana saƙa. A bazarar nan gidaje tara suka kafa tukunya, har Durmush ya koma mai tono mata saiwa. Yau tana da shekara tamanin da ɗaya, ido ya yi rauni, amma ba a sauke tukunya a ƙauyen sai ta sansana.