Ƙwayayen Fitila Uku a Gidan Ƙanƙara

A shekarar da aka kwashe samarin Abidjan zuwa yaƙin Jamus, sukari da atamfa suka ɓace daga kasuwa, wata ranar Laraba da azahar na tsaya a ƙofar ɗakin injuna na gidan ƙanƙara a Treichville, kwanon tuwon Baba a kaina. Ban cika shekara goma ba. Kullum ni ke kawo masa abinci daga gidanmu na Adjamé, in bar ƙawayena suna lugude a turmi, in ratsa unguwar Annasara ba tare da ɗaga kai ba, in hau gadar nan mai lilo a kan ruwa ina karanta Ƙulhuwallahu har in sauka.

Baba, Malam Idi, shi ne mai kula da injunan wuta biyu da ke daskarar da ƙanƙarar masu kifi. Idan rana ta yi zafi ɗaya ba ya isa, sai a tayar da na biyu a haɗa su. Ya taɓa yi mini bayani da cewa, "Kamar mai shiga sallar jam'i ne, Uwata. Ba ya riga liman, ba ya makara." A bango akwai ƙwayayen fitila uku. Muddin wutar inji ɗaya tana gaban ta ɗayan, za su yi ta haske suna dushewa. Sai an daidaita gudu har su mutu gaba ɗaya, a wannan ƙiftawar ake danna babban mariƙin tagulla. Wanda ya danna da sauran ja a cikinsu, injin zai yi tsalle ya karya ƙarfen cikinsa.

Ni kaɗai na san yanar ido ta fara rufe ganin Baba, domin ni ke karanta masa wasiƙun ajami da ke zuwa daga garinmu Tawa. Kuma na san duk wanda aka kora daga aiki a lokacin, aikin dole ake tura shi cikin daji, saran itace. Maƙwabcinmu ya tafi, bai dawo ba.

Ranar nan sabon Annasara ya zo duba aiki, ya sa aka buɗe tagogi duka. Hasken rana ya faɗa a kan bangon fitilun. Na ga Baba ya kama mariƙin, yana matse ido, gumi na bin gemunsa. Na gane ba ya rarrabe ja da baƙi.

Kusa da ni Bakari ne ke zuba mai a inji, wani Bajule, ba Bahaushe ba, mai guntayen yatsu. Shi da Baba ba sa ko gaisawa tun da aka ɗora Baba a kansa. Idan aka kori Baba, shi zai gaji wurin. Na san haka, amma babu kowa sai shi. Na ja rigarsa na ce a hankali, "Kawu, don Allah, Baba ba ya ganin fitilun."

Ya dube ni, ya dubi Annasaran. Ya ajiye gwangwanin mai ya nufi wajensu, ni kuwa na ji kamar in haɗiye maganata. Amma sai ya wuce su, ya tsuguna a gindin wani bututu da ƙaramar guduma, kamar mai neman inda yake yoyo. Duk lokacin da fitilun suka mutu sai ya buga, ƙwal. Na ga kan Baba ya ɗan karkata. Ya murɗa gudun injin kaɗan, bugun ya fara nisa da juna, ya ƙara nisa. Sai Bakari ya buga sau biyu da ƙarfi. Baba ya ce "Bismillahi," ya danna.

Ƙarar injunan biyu ta zama ɗaya. Annasaran ya gyaɗa kai ya fita.

Baba ya zauna a kan akwati, ya buɗe kwanon ya tura shi gaban Bakari. Bakari ya wanke hannu ya ce da gurguwar Hausarsa, "Idi, ranar da bel ɗin inji ya ci yatsuna, kai ka goya ni har asibiti. Na gaji da ɗaukar bashin nan a wuya. Yau na sauke. Amma miyarku ba gishiri." Baba ya yi dariya har da hawaye. Haka Bakari ya ci gaba da buga masa bututu har shekarar da aka soke aikin dole, Baba ya ajiye aiki da kansa.

Yanzu jikana mai aikin wuta ya ce na'ura ce ke haɗa injuna, ba a bukatar ido ko kunnen kowa. Gadar ma ta siminti ce, ba ta lilo. Na gode wa Allah da sauƙin. Sai dai idan na idar da salla, ina sa Bakari a addu'a kusa da sunan Baba.