Larabar da Bishop ya zo

A shekarun nan na tamanin ni ne katikis a ƙauyenmu, wato mai koyar da addini da jan sujada duk ranar da Fada, limamin cocinmu, bai zo ba, kuma bai cika zuwa ba. Cocinmu ɗaki ɗaya ne na ƙasa da rufin kwano, tsakanin Kura da Bunkure. Aikin katikis ba ya ciyar da gida, don haka ni ma manomi ne kamar kowa. A waccan shekarar tumatir na dasa a ɗan filina na bakin kanal, kuma da shi muka dogara.

Bishop, shugaban su Fada, yana can nesa da mu, sai an yi shekaru yake leƙo mu, ya shafa wa waɗanda suka gama koyo mai a goshi, abin da muke kira ƙarfafawa. Waɗanda suka gabace shi Turawa ne, su suka ɗora al'adar zuwa da rani. Suna da gaskiyarsu. A zamaninsu da rani babu abin da namiji yake yi sai saƙar tabarma da hira a gindin tsamiya. Sai ga ruwan dam ɗin Tiga ya biyo kanal, rani ya zama ya fi damina aiki. Duk duniya ta san haka, amma babu wanda ya ga dacewar a sanar da Bishop.

Fada ne ya kawo saƙon: Bishop zai zo ranar Laraba, ƙarfe goma na safe. Laraba kuwa ita ce ranar ruwan layinmu. Ma'aikacin ruwa yana buɗe ƙofar kanal da safe, ya rufe da la'asar, wanda ya rasa sai wani makon. Sanyi ya wuce, rana ta fara cizo, tumatir yana cikin fure.

Fada ya tambaye ni, "Malam, ranar ta yi muku?"

Na ce, "Ta yi, Fada. Ai babu ranar da ta fi ta."

Har yau ina jin muryata tana faɗin haka. A ganina na lokacin, ƙaramin katikis ba ya buɗe baki ya ce wa Bishop ranarsa ba ta yi ba.

Ran Lahadi na hau kan jama'a da wa'azi. Na ce za a ga wanda ya fi son tumatir da wanda ya fi son Allah. Na yi ta zuba har gumi ya jiƙa mini riga, na kuma ji daɗin kaina ƙwarai. Da muka koma gida matata ta ce, "Malam, ka bar ni in je da sassafe in sa tiyo, in ba rabin filin ruwa in dawo." Na ce atafau. Matar katikis ce za a gani da laka a ƙafa ranar Bishop? Ta dube ni, ta ci gaba da tankaɗen garinta.

Laraba tun ƙarfe tara coci ya cika, kowa da wankakkun kaya. Goma ta yi, sha ɗaya ta wuce. Abin haushin shi ne daga cikin cocin ana jin ƙarar ruwa yana gudu a kanal. Wani dattijo ya miƙe ya ce zai kewaya. Bai dawo ba. Ƙaninsa ya tafi dubo shi. Daga nan sai kewayawa ta kama kowa, maza da mata, har da masu waƙa. Kafin azahar saura ni da matata da tsofaffi mata huɗu, ɗayarsu tana gyangyaɗi.

Wajen ƙarfe biyu motar Bishop ta iso, da Fada a ciki. Ashe mutanen wani ƙauye ne suka tare Bishop a hanya da ganguna da jawabai. Ɗan ƙasa ne baƙi kamarmu, Hausarsa tas. Na durƙusa na sumbaci zobensa, ya leƙa cikin cocin ya ga benci a jere.

Ya ce, "Ina jama'ar?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙarancin bangaskiya ne. Na yi iyakar ƙoƙarina."

Tsohuwar nan mai gyangyaɗi ta buɗe ido ta ce, "Baba, yau ranar ruwa ce. In ba su ba tumatir ruwa yau ba, furen zai zube."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya tambayi lokacin da ake rufe ruwan, aka ce la'asar. Ya ce to a kai masa kujera inuwa, zai jira, shi ma ɗan manomi ne.

Muka zauna gindin darbejiya, shi a kujera, ni a tabarma. Don kada baƙo ya gaji da shiru, na shiga ba shi labarin magabatansa kamar yadda tsofaffinmu suke bayarwa. Na farko mai gemu, wanda ya zo a kan babur, yara suka watse cikin kara. Na bayansa, wanda aka dama wa fura ya sha don kunya, ya yi ta murmushi idonsa yana ruwa. Na faɗi yadda a zamaninsu mutane suke wuni a zaune suna jira babu mai motsi. Yana dariya, ni kuma ina ƙara gishiri. Filina yana can bayan rugar Fulani, tafiyar da ba ta kai a sha kofin shayi ba. Matata ta kawo ruwa ta ajiye, ta tsaya ta kafe ni da ido. Na yi kamar ban gani ba.

Aka kira la'asar a masallacin makarantar allo da ke tsallaken hanya, ƙarar ruwan ta yi ƙasa, ta ɗauke. Jama'a suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, wando a naɗe, laka har gwiwa, suna sunkuyar da kai. Bishop ya sa doguwar hularsa, ya riƙe sandarsa, ya shafa musu mai ɗaya bayan ɗaya. A wa'azinsa bai ce musu uffan a kan guduwa ba. Cewa ya yi wanda ya ciyar da iyalinsa da guminsa ya yi aikin Allah. Ina tsaye a gefensa riƙe da littafi, ina gyaɗa kai kamar ni na rubuta masa.

Sai da zai shiga mota ya juyo. "Af, Malam, kai wa ya ba naka ruwa?"

Na ce, "Babu, ranka ya daɗe. Ni na tsaya jiranka."

Na ɗauka yabo zai biyo baya, har na gyara tsayuwa. Sai ya ce a hankali, yadda Fada ba zai ji ba, "Awa biyu muna zaune kana ba ni labarin babur? Ai da ka faɗa, da ni zan riƙe maka tiyon." Ya sa mini albarka, mota ta tashi.

Kafin wata Laraba furen ya zube, ganyen ya naɗe. Abin da na tsinka a filin nan bai taka kara ya karya ba. Na ji zafin abin sosai, kuma babu wanda zan ɗora wa laifi.

Da lokacin tsinka ya yi, waɗanda na kira masu ƙarancin bangaskiya suka riƙa aiko mana da tumatir, wannan kwano, wancan ƙaramin kwando. Matata ta yanka ta shanya a kan rufi, kowane kaso daban, ba ta yarda ta haɗa su ba. Ban gane dalili ba sai da muka fara ci. Duk ranar da ta ajiye mini tuwo sai ta durƙusa cikin ladabi, ta buɗe kwanon miya, ta faɗa mini tumatirin wa ke ciki. Ranar farko ta ce, "Malam, bisimilla. Ta yau ta wanda ya fara fita kewayawa ce."