Mai Shayar da Kwalekwale

Da asuba, kafin mu fito da shebur, Baba Mai Fito ya riga mu shiga rafin. Zai tsuguna bakin ramin da aka tona cikin yashi, yana kwalfar ruwa da gwangwani har bokiti ya cika, ya kai wa kwalekwalensa ya zuba. Jirgin katako in ya bushe tsagewa yake yi.

Ni yashi nake haƙa ina loda wa motoci, kuma inda nake haƙan nan hanyarsa ce a dā. Tun ina yaro yake fito da mutane. Lokacin duwatsun da ke samanmu suna riƙe ruwan sama, su riƙa sako shi a hankali har shekara ta zagayo. Yanzu damina makara take yi, in ta zo ta juye komai lokaci ɗaya, ruwa ya gangaro ja wur da itatuwa da gawar awaki, ya wuce. Sauran shekara yashi. Wani ma'aikaci ya zo ya tara mu ƙarƙashin rumfa, ya ce yanayin duniya ne ya canza. Ya yi gaskiya. Ya sha ruwan roba, ya shiga mota.

Direbobi suna tsokanar Baba, wai shi kaɗai ne mai fiton da ke shayar da jirgi, ko yana jira ya haifa masa ƙanana. Ya kan ce ai ya fi motocinsu, shi ba ya neman mai. Mutanen da ya yi shekaru yana ɗauka kuwa sukan ratsa ta gabansa da ƙafa, wasu ko sallama babu.

Bara ruwan ramin ya ja baya. Mata suka fara kwana biyu ba su cika jarka ba. Wata safiya Inna, matarsa, ta tare shi a tsakiyar yashi ta riƙe bokitin.

“Malam, jikokinka ba su wanke fuska ba, kana ba katako.”

Ya sakar mata bokitin.

Kwalekwalen bai jima ba ya buɗe daga hanci har ciki, hannu yana shiga. Na ce ya bari mu cusa tsumma da kwalta. Ya tambaye ni a ina za mu gwada shi. Shi da kansa ya ari gatarina ya faskara shi, Inna ta yi wata tana girki da shi.

Sai damina ta zo. Ruwa ya yi haukansa ya lafa, rafin ya cika ya kwanta kamar dā. Masu zuwa kasuwa suka taru a wancan ƙetaren da buhuna, suna kiran Mai Fito, suna ɗaga hannu. Cikinsu har da waɗanda ba sa yi masa sallama.

Na ga ya fito da gorar tuƙinsa, ya gangaro da sauri kamar ya manta. Da ya iso turken da yake ɗaure kwalekwalen sai ya tsaya. Igiyar tana nan ɗaure, bakinta yana lilo cikin ruwa. Ya sunkuya ya kwance ta, ya naɗe a hannu, ya koma gida. Suna ta kira.