Sosej ɗin Goggo da Irin Albasar Kaka

Shekarun baya, ina aji ɗaya a ƙaramar sakandare, kakata ta wajen uba ta zo daga Argungu ta zauna da mu a unguwar Gesse saboda aikin ido da za a yi mata. Lokacin damina ne, muna dogon hutu. Ta zo da ƙullin kaya biyu, da tabarmar sallarta, da wani tsohon gwangwanin madara da ta naɗe da tsumman atamfa ta ɗaure da zare. Sauran kayan ta bari aka ɗaukar mata, amma gwangwanin nan a kan cinyarta ya zo tun daga tasha.

Ni ba mai magana ba ce. A aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Kallo ne aikina. Na san wace kujera ce ke ƙara a falonmu, na san takun kowa a gidan tun kafin ya shigo. Kaka ba ta kirana da sunana, sai dai Shiru-shiru.

Kwana biyu da zuwanta rana ta buɗe, na same ta a bayan gida kusa da tankin ruwa. Ta zazzage abin da ke cikin gwangwanin a faifai, wasu ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe wulik, tana sheƙewa tana hura ƙaiƙayin yana zuba a gindin katanga.

"Irin albasa ne," ta ce da ni, ba tare da na tambaya ba. "Wurin uwata na gade shi, ita ma wurin tata, can Augie. Albasar wanga iri sai ta kai damina ba ta ruɓe ba. Ɗakina na yoyo, in na baro shi can, ko ruwa ya ci ko ɓera."

Gidanmu ma akwai ɓeraye, kuma ta lura da haka. Da irin ya sha iska ta mayar da shi gwangwani, ta ce in raka ta kicin. Mahaifiyata tana da babban murhun gas mai obin na gashi, cikin kayan ɗakinta aka kawo shi, kuma tunda na yi wayo ban taɓa ganin an kunna obin ɗin ba. Tire-tire ne a ciki, da robobi, da murafan tukwane. A ƙarƙashinsa akwai wata durowar ƙarfe da ba mai buɗewa. Kaka ta durƙusa da ƙyar, ta tura gwangwanin can ciki, ta rufe.

"Nan ko ɓera ya yi boko bai shiga," ta ce. "Kada ki hwaɗa ma uwarki, ta ce na maishe mata kicin rumbu."

Na gyaɗa kai. Riƙe sirri ba ya yi mini wuya, tunda dama ba na faɗin komai.

Bayan kamar mako biyu na ga wasu siraran tsirrai sun fito a gindin katangar, inda tanki ke ɗiga. Kamar gashi suke, a lanƙwashe, kowanne da ɗan baƙin abu a kansa kamar ya sa hula. Nakan tsuguna in kalle su in na je ɗibar ruwa. Na ɗauka wata irin ciyawa ce.

A mako na uku aka yi wa Kaka aikin, kuma a makon ne ƙanwar mahaifina ta iso daga Jamus, inda take aikin jinya. Rabona da ita tun ina ƙarama ƙwarai. Goggo mace ce mai saurin magana da saurin tafiya, tabarau kullum a saman kai, in ta yi maka tambaya ba ka gama buɗe baki ba ta wuce ta gaba. Ina sonta, ina kuma jin tsoronta.

Ita ce ta ce za ta yi mana wani sosej, naman da ake ɗurawa a hanji, da ake ci a can, sunansa bratwurst.

"Ba shi ne na alade ba?" in ji mahaifina.

"Yaya, nasu ne na alade. Namu naman sa ne da hanjin rago, kuma mahaucinka ne zai yanka. Ko shi ma ba ka yarda da shi ba?"

Ranar Talata mahaifina ya kai Kaka asibiti a duba idon, mu kuma muka shiga kicin. An niƙo naman tun da safe haɗe da kitse. Goggo ta zuba gishiri da masoro da citta da gyaɗar ƙamshi, ta cuɗa da ruwan ƙanƙara har hannunta ya yi ja. Mahaifiyata ta wanke hanjin ta juya shi ta sake wankewa, tana ta yamutsa fuska. Ba mu da injin ɗurawa, sai Goggo ta yanke wuyan gorar ruwa ta yi mazurari. Ni aka ba riƙon hanjin. Tana turawa ina tarewa, in ya kai tsawon tafin hannu ta murɗe. Na ji daɗin aikin ƙwarai, musamman da ta ce hannuna yana da natsuwa.

"Kada kowa ya huda su," ta ce. "In aka huda, romon ya tsere, sai ku ci busasshen abu. Yanzu a kunna obin ya yi zafi tukuna."

Na tuna da gwangwanin Kaka.

Mahaifiyata ta yi dariya ta ce ita ko inda ake kunnawa ba ta sani ba. Suka kwashe robobi da murafai suka tara a ƙasa, Goggo ta goge cikin obin da tsumma, ta leƙa ta ce fes. Durowar ƙasa kuwa ba wadda ta kalla. Ina tsaye ina kallon marfinta, hannuna duk kitse.

"Goggo," na ce.

"Na'am, ɗiyata?" Tana neman ashana.

Mahaifiyata ma ta juyo. Idanu huɗu a kaina. Na tuna Kaka ta ce kada in faɗa. Na kuma tuna a aji an koya mana cewa zafi sama yake tashi, gwangwanin kuwa a ƙasa yake. A cikin daƙiƙa biyu na zama malamar kimiyya, don kawai kada in yi magana.

"Ba komai," na ce.

Ta ƙyasta ashana. Wutar ta kama da wani ɗan sauti, shuɗiya, a jere a ƙasan obin, daidai saman durowar.

Na yi niyyar in sun fita in zaro gwangwanin. Ba su fita ba. Goggo ta jera sosej a tire ta shafa musu ɗan mai, ta yanka albasa ta baza a gefe, suka zauna a kan kujerun tsuguno suna hirar mutanen Argungu, wa ya yi aure, wa ya rasu. Da aka saka tiren, ƙamshi ya fara tashi, irin wanda ban taɓa ji a gidanmu ba. A ƙarƙashin ƙamshin ni kaɗai nake jin wani abu daban, kamar an manta dutsen guga a kan zani. Na ji shi tun yana ɗan kaɗan.

Da lokacin juya su ya yi, Goggo ta durƙusa ta buɗe obin, sai ta tsaya.

"Hayaƙin nan ba na nama ba ne."

Ta ƙasa yake fitowa, siriri, fari. Ta sa tsumma ta jawo durowar. Atamfar da aka naɗe gwangwanin ta zama baƙa, gefenta yana ci ja-ja, zaren ya tsinke. Ta kashe gas, ta ɗauko shi da cokalin miya ta ajiye a tsakar kicin. Mahaifiyata ta dafe ƙirji tana salati, tana tambayar mene ne wannan, wa ya sa shi a nan.

Daidai nan muka ji motar mahaifina.

Kaka ta shigo da baƙin tabarau na asibiti, tana dafa bango. Hancinta ne ya kawo ta kicin. Ta dubi ƙasa da idonta mai lafiya, ta daɗe tana dubawa.

"Mi kunka yi?" ta ce, a hankali.

Ta zauna a ƙasa, ta jira gwangwanin ya huce, ta buɗe da bakin zaninta. Irin yana nan baƙi kamar yadda yake, har na fara sa rai. Ta ɗebi kaɗan ta murza a tafin hannu, ya zama gari. Ta shinshina. Ta sa ɗaya a baki ta tauna.

"Ya soyu," ta ce.

Goggo ce ta fara gane ko mene ne, domin ta san gwangwanin tun tana yarinya. Matar nan mai saurin magana ta zauna a ƙasa kusa da uwarta ta dafa kafaɗarta. Mahaifina ya ce a yi haƙuri, gobe zai aika a sayo iri mai kyau, ko gwangwani nawa take so.

"Na kasuwa daban, wanga daban," in ji Kaka. "Wanga hannun uwata ya taɓa shi." Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta rufe gwangwanin kamar akwai sauran abin da za a adana. "Laihina ne. Ni na ɓoye ban hwaɗa ma kowa ba."

"Ni na sani," na ce.

Ban san muryata za ta fito ba. Duk suka juyo. Na faɗa musu komai, har da zafin da ke tashi sama. Mahaifiyata ta buɗe baki za ta yi faɗa, Kaka ta ɗaga mata hannu.

"Shiru-shiru," ta ce, "uwarki na ce ki ɓoye ma. Ban ce ki ɓoye ma wuta ba."

An ƙarasa gasa sosej ɗin a ranar, tunda ba a zubar da nama. Sun ce ya yi daɗi, fatar ta yi ja tana ƙyalli, in an ciza romo ya fito. Ni ban ci ba. Kaka ma ba ta ci ba.

Duk da haka ta jiƙa wani yankin buhu ta barbaɗa irin a kai ta rufe, ko Allah zai sa wani ya tsira. Kullum da safe sai ta ce in buɗe in duba mata, tunda idonta bai gama warwarewa ba. Kwana bakwai ina buɗewa ina cewa babu. A kwanakin nan na kalli ƙwayoyin nan fiye da yadda na taɓa kallon wani abu: baƙaƙe, masu kusurwa, a ɗan yamutse.

Rana ta takwas ina wanke kwanuka na ji ƙarar fartanya a bayan gida. Mahaifiyata ce take share ciyawar damina saboda sauro, ta faro daga ƙofa tana nufar tanki. Ina riƙe da kwano sai hular nan ta faɗo mini a rai, ɗan baƙin abin da na gani a kan tsirran gindin katanga. Kamarsu ɗaya da abin da nake buɗewa kowace safiya. Kuma nan ne Kaka ta hura ƙaiƙayi.

Ban tabbata ba. Da a da ne, rashin tabbas ɗin ya ishe ni dalilin yin shiru. Na saki kwanon na fita da gudu.

"Mama, tsaya!"

Ta tsaya da fartanya a sama, don ba ta taɓa jin na ɗaga murya haka ba. Saura taku biyu ta kai wurin. Na je na kamo hannun Kaka na kawo ta. Ta durƙusa, ta cire tabarau, ta tsinki kan ganye ɗaya ta murza ta kai hanci.

Sannan ta ce, "Ɗauko min kwano da wuƙa. Kada wanda ya taka nan."

Ashirin da uku muka samu. Ta haƙo su da ƙasarsu ta jera a tsohuwar roba, kuma da za ta koma Argungu a kan cinyarta suka tafi. Ban san albasa tana da jinkiri haka ba sai lokacin. Shekarar farko ƙwallo kawai ta yi, ba a ci ko ɗaya ba. Aka adana su aka sake dasawa, sai a shekara ta biyu suka yi fure suka ba da iri. Shekara biyu Kaka tana shuka na kasuwa a fadamarta, tana mita duk lokacin da ya ruɓe mata, kuma ba ta taɓa cewa saboda ni ba ne.

Yanzu ina ajin ƙarshe. Har yau ban zama mai surutu ba, kuma ban ga alamar zan zama ba. Abin da ya canja kaɗan ne: in na ga abu, kuma na san ni kaɗai na gani, ina faɗa ko da muryata tana rawa. Na gane cewa lura da abu ba ta da amfani ga kowa in ta tsaya a cikina.

Obin ɗin kuwa ya shiga aiki tun daga ranar, mahaifiyata har kek take yi. Goggo ta sake zuwa bara, muka sake yin bratwurst, na ci guda biyu, kuma gaskiya yana da daɗi. Amma kafin a ƙyasta ashana sai da na durƙusa na jawo durowar ƙasa, ko da yake na san babu komai a ciki. Kaka tana zaune a bakin ƙofa tana kallona.

"Duba da kyau, Shiru-shiru," ta ce. "Wanga karon rabin irin na bar ma maƙwabciyata, rabi na ƙarƙashin gadonki."