Malam Garba Ka-Taka da Tauraron Jikarsa

Ku da kuka san Malam Garba, kun san ba a yi masa sallama a hanya a sami amsa nan take. Za ka hango shi tafe, takalmi rataye a kafaɗa, leɓe na motsi. Baƙo sai ya ɗauka tasbihi yake, ya ce lallai dattijon nan akwai ibada. Ina fa. Taku yake ƙirgawa. Ka ce masa salamu alaikum, sai ya ɗaga maka yatsa ɗaya, wato ka dakata. Sai ya kai gindin bishiya ko bakin wata katanga sannan ya ce, "Ɗari uku da sha biyu. Wa alaikumus salam, Sale, ina gajiya?" A lokacin kai kuma ka daɗe da shiga gida.

Ni Sale taubashinsa ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka ina da lasisin faɗin abin da na ga dama a kansa, da ransa da bayan ransa. Kuma ni ne ɗan bokon gidan, don sai da na kai aji huɗu a firamare kafin a ga karatun ya isa haka. Shi ko aji bai taɓa shiga ba, amma ya san taku nawa ne daga gidansu zuwa ƙofar ajin.

Don yaran yanzu da ba su san asalin abin ba: a nan wajenmu gona manne take da gona, ba daji a tsakani. Layin gamba ne iyaka, ko lalle, ko aguwa. In aka yi rigima, uban Garba ake kira, da ya rasu Garba ya gada. Babu takarda, duk a kai yake: daga tsamiya kaza taku kaza, gonar wane ta ƙare. A kowace kusurwa kuma uban nasa ya binne gawayi a cikin fasasshiyar tukunya, don gawayi ba ya ruɓewa, gara ba ta ci.

Sunan Ka-Taka daga bakinsa ya fito. Ba ka isa ka ce wuri na da nisa ko kusa a gabansa ba. Da Alhaji Mati ya dawo daga Makka, muna zaure yana ba mu labari, ya ce, "Kai, ƙasar nan akwai nisa."

Garba ya ce, "Ka taka?"

"A jirgi muka je, Malam."

"To ji ka yi ana faɗa."

Akwai ranar da aka gayyace mu ɗaurin aure Watari. Mu muka shiga mota. Shi ya ce mota ba ta ƙirga, ya kama hanya da ƙafa bayan asuba. Ya iso ana wanke tukwane. Ya ce, "An ɗaura?" Muka ce tun tuni. Ya ce, "Madalla. Amma a cikinku wa ya san nisan Watari?"

Na ce, "To kai da ka sani, nawa ne?"

Ya sosa gemu. "Wani kare ne ya biyo ni wajen wata ruga, na ɗan yi gudu, lissafi ya ɓaci. Sai na sake a komawa."

Kuma ya sake. Takalmin nan kuwa da ya saya a kasuwar Bici shekarar da aka haifi babban ɗansa, ya ce yana ƙara wa taku tsawo, don haka a kafaɗa ya yi rayuwarsa. Da aka zo rabon gado, shi ne abu mafi sabunta a ɗakin.

Sai ga Zulai, 'yar babban ɗan nasa, wadda yake kira Amarya ita kuma tana ce masa Tsoho. Ta sami gurbi a jami'a a Kano. Mu duk mun ɗauka aikin asibiti za ta karanta. Ta zo ta durƙusa a gabansa ta ce, "Tsoho, ilimin zana taswira zan yi, da karanta hotunan ƙasa da tauraron ɗan'adam ke ɗaukowa daga sama. Ana gane gona, ana gane hanyar ruwa, har inda shuka ke jin ƙishi ana ganewa. In na gama, ofishin safiyo masu auna filaye ko ma'aikatar gona za su iya ɗaukata aiki."

Ya ce, "Shekara nawa?"

"Huɗu, in ba a yi yajin aiki ba."

"Shekara huɗu ki koyi leƙen gonar mutane daga sama? Shaho ma yana yi, bai je makaranta ba."

Na ce, "Garba, ka yi shiru, wannan fanninmu ne na 'yan boko. Tauraron nan wani babban madubi ne da aka rataye a sama."

Zulai ta ce, "Kaka Sale, ba haka ba ne."

Na ce a zamaninmu haka yake.

Duk da mitarsa, ranar tafiya shi ya ɗauki jakarta ya raka ta tasha a bakin titi, ni ina biye. Leɓe na motsi har muka isa. Ya ajiye jaka ya ce, "Dubu biyu da ɗari uku. Ki riƙe, Amarya. Duk inda tauraronki ya kai ki, daga nan zuwa ƙofar gidanku dubu biyu da ɗari uku ne." Ya juya da sauri, wai wani abu ya faɗa masa a ido.

Hutun farko ta dawo da kwamfuta, ta nuna masa ƙauyenmu daga sama. Ya sa ido ya daɗe. Ya gane masallaci, ya gane rumbunsa, ya gane kukar bayan gida. Sai ya ɗora yatsa a kan wani ɗan lungu ya ce, "Wannan fa?"

"Makewayi ne, Tsoho."

Washegari da sassafe ya sari kara ya yi wa makewayi rufi. Zulai ta ce masa hoton daga nesa ake ɗauka, ba a ganin mutum. Ya ce, "Ke ce ba ki gani ba. Shi fa?" Na yi masa dariya har da hawaye. Kafin sati biyu rabin ƙauyen sun rufe nasu. Ni ma na rufe nawa, amma ni saboda zafin rana ne.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki biro.

Zulai na shekararta ta ƙarshe aka yi wani ruwa mai ƙarfi da ya share layin gambar da ke tsakanin gonar Alhaji Mati da ta Gwaggo Delu. Delu mijinta ya rasu, ba ta da kowa sai gonar nan da ɗorawa guda da ke gefenta. Da kalwar ɗorawar take daddawa, da daddawar take rufa wa kanta asiri. Alhaji Mati ba mugu ba ne, amma ya ce shi dai ya ji mahaifinsa na cewa ɗorawar tasu ce, 'ya'yan kawai aka bar wa mijin Delu yana ɗiba. Da aka gama girbi mai unguwa ya aika a kira Garba.

Ya tsaya gindin tsamiyar da gonar Delu ta fara ya ce, "Daga nan, ɗari da arba'in, yamma." Ya taka. Ya tsaya, ɗorawa na can gabansa da kusan taku ashirin, wato ta faɗa wajen Alhaji Mati. Ya koma ya sake, har sau uku, nan dai yake tsayawa. Aka tona ba a ga gawayi ba, ya ce ruwa ne ya tafi da shi. Mai unguwa ya ce ranar Juma'a za a kafa turaku. Delu ta ja mayafi ta tafi.

A hanyar gida ya ce mini, "Sale, zuciyata ta ce ɗorawar nan ta Delu ce. Amma ƙafa ta ce a'a, ni kuma ƙafa ba ta taɓa yi mini ƙarya ba." Ranar ko tuwo bai ci ba.

Laraba Zulai ta zo gida. Ta ji labari, ta buɗe kwamfuta, ta nemo wani tsohon hoto da aka ɗauka tun gamba na tsaye. Wajena ta fara zuwa. Ga layin gamba nan siriri kamar zare, ga ɗorawa a cikin gonar Delu. Na ce, "Shi ke nan, mu kai wa mai unguwa."

Ta ce, "Kaka Sale, in na nuna wannan a gaban jama'a, na binne Tsoho da ransa. Ka bar ni da shi."

Alhamis da hantsi ta ɗauki jaka ta ce masa, "Tsoho, ba za ka raka amaryarka tasha ba?" Ya rataya takalmi. Na bi su, don na san ba tafiya za ta yi ba. A nan ne, ina bayansa, na ga abin da duk muka kasa gani. Shekara biyu kafin nan ciwon gwiwa ya kwantar da shi damina guda. Ya tashi, muka yi murna, ba wanda ya kula takun nasa ya gajarce.

Muka isa. Ya ajiye jaka ya ce, "Dubu biyu da ɗari bakwai."

Zulai ta ce a hankali, "Ranar da ka fara rako ni dubu biyu da ɗari uku ka ce. Ka ce in riƙe, na riƙe."

Ya dubi hanyar da muka biyo. Ya dubi ƙafarsa. Sannan ya dube ni. "Sale, an matsar da tashar nan ne?"

Wallahi na so in ce eh. Shekara saba'in ina neman ranar da zan kama Garba da kuskure, ga ta ta zo, na rasa dariyar. Na ce, "Ga teburin mai shayi nan inda ka san shi."

Ya zauna a bencin mai shayin, ya daɗe yana shafa gwiwa. Can ya ce, "Ashe da na ci ɗorawar Delu da ƙafata." Ya ɗago kai. "Amarya, shi tauraron naki ina ya ce?"

Ranar Juma'a, kafin a buga turke ko ɗaya, shi da bakinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, jama'a, ƙafata ta tsufa ba ta gaya mini ba. Lissafin nan da ƙafar ƙuruciya aka yi shi. A ba yarinyar nan hanya." Zulai ta riƙe wata 'yar na'ura kamar waya, ta bi ta cikin karan dawa tana dubawa, ta wuce ɗorawa kaɗan ta ce, "Nan." Garba ya karɓi fartanya, ya hana kowa taya shi. Bai kai zurfin kamu guda ba muka ji ƙwas. Ga tsingaron tukunya, ga gawayi baƙi ƙirin kamar jiya aka binne.

Alhaji Mati ya ce, "Alhamdulillahi da ban ci haƙƙin kowa ba." Delu ta zauna a ƙasa tana kuka tana dariya. Garba ya ɗauki gawayin ya juya shi a tafin hannu, na san ubansa yake tunawa. Sannan ya ce, "Amarya, ki gaya wa tauraronki ya yi ƙoƙari, a ce bai taɓa taka ko'ina ba."

Duk ranin nan haka suka yi shi. Zulai ta mai da gonakin ƙauyenmu aikinta na kammala karatu. Kullum da safe za ka gan su a kan iyakoki, shi yana faɗa, ita tana danna na'ura tana rubutawa: nan wane ya binne gawayi, nan aka raba gadon wane, wannan aguwar an matsar da ita shekarar da aka yi fari. Sharaɗinsa ɗaya, duk iyakar da za ta sa a taswira sai ta taka da ƙafarta. Ya ce ko malamanta sun tambaye ta, ta sami bakin amsawa. Taswirar ce kuke gani yanzu a zauren mai unguwa. Zulai kuma tana can ofishin safiyo, an ce in abokan aikinta suka kawo zane sai ta ce, "Ka taka?"

Bai ga damina ta gaba ba. Kwana uku ya yi a kwance. Da na je duba shi na ce, "Garba, ka tashi, an ce lahira akwai nisa." Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Wa ya taka ya dawo ya gaya maka?"

Ranar da muka ɗauke shi, ina biye da makara sai na ji leɓena na motsi. Liman ya ɗauka addu'a nake. Daga ƙofar gidansa zuwa maƙabarta taku ɗari takwas da sittin ne, da irin tawa ƙafar. Na juya in gaya masa, in ji ya ce na yi kuskure, sai na tuna shi muka kawo.

Allah ya jiƙan Garba. Ya Ubangiji, bawanka ne da ya yarda ya ji kunya a gaban jama'a don kada ya rage wa baiwarka taku ashirin. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka auna masa shi da takun ƙuruciya. Mu kuma da ke tafe a baya muna jan gwiwa, ka sa mu isa lafiya. Amin.