Kuɗin Gyara

Injiniya ake ce masa a kamfanin, ko da yake bai taɓa leƙa makarantar injiniyoyi ba. Tun yana saurayi yake kwance kwamfutocin ma'aikata. Da su ya yi aure, da su yake ciyar da iyali, kuma babu abin da yake ƙyama a duniya kamar su. Mutum ya caɓa ado, turare na tashi har bakin ƙofa, amma ka buɗe kwamfutarsa sai ka tarar ƙura ta cunkushe fanka, ga ɓawon gyaɗa, ga kyankyasai da iyalansu. Kullum da tsaki yake aiki.

Wata rana Manaja ya kira shi. An tallata masa wasu ƙananan akwatuna marasa fanka, waɗanda duk suke jan aiki ta waya daga babbar kwamfuta guda. Yana so Injiniya ya gaya masa, tsakaninsu da irin tsofaffin kwamfutocin, wanne ya fi sauƙi, wajen saye da wajen kulawa.

Injiniya ba yaro ba ne. Ya san a saye kusan kunnen doki ne, don babbar ma da tsadarta. Bambancin yana wajen gyara, kuɗin gyaran nan kuwa albashinsa ne. Matarsa ta ce ya rufa wa kansa asiri, ya ce tsofaffin sun fi. Ya ce mata to.

Ranar da zai ba da amsa, akantar kamfanin ta aiko wai kwamfutarta tana wari. Ya kwance murfin. Ɓera ne ya mutu a ciki, ya kumbura, tsutsa na motsi, ga tsohon shayi ya daskare a gefe. Akanta ta toshe hanci, ta ce ya yi sauri, yana ɓata mata lokaci. Ko hannu bai wanke ba ya faɗa ofishin Manaja.

"Yallaɓai, sayi ƙananan. Ba su da cikin tara ƙazanta, ba ma sai an buɗe su ba."

Manaja ya yaba da gaskiyarsa ƙwarai. Ƙarshen wata ya sallame shi, ya haɗa masa da tsofaffin duka, lodin mota guda, wai kyauta.

Matarsa ta tsaya tana kallon ana jibge su a tsakar gida. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

"Baban yara," ta ce, "wacce za mu fara dafawa?"